Ɗakin Inna Tsakanin Tubali da Bulo

Gidanmu yana wani ƙauye ne wajen Malikanchi, a ƙasar Ikara. Da mahaifinmu ya rasu, mu biyu ya bari maza, ni da Yaya, sai mata da kowacce ke ɗakin mijinta. Yaya yana Kano yana harkar kayan gwari, ni kuma ina koyarwa a wata sakandare a Makarfi. Inna ce ta rage a gidan, a ɗakin da aka kawo ta tana amarya.

Ɗakin soro ne na tubali. Kaurin bangonsa ya kai a shimfiɗa jariri a bakin taga ba a ji tsoron ya faɗo ba. Rufinsa azara ce aka jera a kan baka biyu da suka gitta juna, aka bi da ƙasa, ga indararo biyu suna zubar da ruwa ta baya. Maginan yankinmu sun ɗauko wani abu daga Zazzau, sun ɗauko wani daga Kano, don haka ɗakin ba shi da adon cikin birni, amma yana da zanko a kowace kusurwa. Da bazara in ka shiga sai ka ji kamar ka leƙa randa. Aibinsa ɗaya, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba, an yi yaɓe, an toshe inda ya tsage. Baba yana raye ba ya fashin wannan. Bayansa muka yi ta cewa sai wani sati, har damina biyu ta wuce.

Wata Babbar Salla muka haɗu a gida, Yaya ya shiga gaida Inna ya tarar da roba a kusurwar gabas tana tarar yoyo. Ya fito ya same ni a tsakar gida.

Ya ce, "Auta, ɗakin nan rushe shi za a yi. A ce ina Kano ina hawa mota, uwata tana kwana da robar tarar ruwa? Bulo za a sa, a yi kwano, a yi silin, kowa ya huta."

Inna tana bakin murhu, ta ji komai. To Yaya ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ba ta kuma duban idonsa ta yi masa magana. Duk abin da za ta gaya masa ta bakina yake bi, ko da kuwa yana tsaye a gabanta.

Ta ce, "Auta, ka gaya wa wancan, in ɗakin ya tsone masa ido ya yi haƙuri a fitar da ni tukuna. Ba nisa."

Yaya ya ce, "Ka gaya mata ni lafiyarta nake nema."

Na tsaya a tsakiya, furfura ta fara fito mini a gemu, ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin juna sarai. Haka aka ci Salla aka watse, ba a tsayar da komai ba. Bayan nan duk sati sai Yaya ya kira ni a waya ya ce me na yanke, kamar ni ne mai ɗakin. In na je gida ran Juma'a Inna ta ce, "Wancan ya haƙura ko?"

Ana haka wata rana muna zaune a ofishin malamai, abokin aikina mai koyar da labarin ƙasa ya miƙo mini wayarsa ya ce in faɗi inda aka ɗauki wannan hoton. Na duba, gida ne ja, mai kaurin bango, rufinsa shafe, kawunan itatuwa sun leƙo a jere ta saman bango, ga wani abu kamar indararo.

Na ce, "Wannan ai cikin birnin Zariya ne. Sai dai mai gidan ya sa gilashi."

Ya yi dariya ya ce, "Ka yi nisa da yawa. Bakin iyakar Meziko da Amurka ne."

Ya yi ta shafa wayar yana nuna mini wasu. Ya ce mutanen can sun daɗe suna gini da ƙasa kamar mu, daga baya waɗanda suka zo ta ɓangaren Amurka suka kawo nasu, manyan tagogi, baranda, ɗakin ajiye mota, har abin ya cakuɗe, kowa ya ari na ɗan'uwansa. Na ga wani gidan da bangonsa sak na ɗakin Inna, amma a sama an ɗora masa kwano. Wani kuma an shafe shi sumul kamar ƙwai.

Ban tambayi yadda suka yi ba. Hoto na gani, kuma a lokacin abin da nake nema ke nan, hanyar da Inna za ta tsira da ɗakinta, Yaya ya tsira da mutuncinsa, ni kuma a daina kirana. Na ce ya tura mini hotunan. A kan babur, kafin in isa gida, na gama gina ɗakin a kaina: bangon Inna yana nan, a sa masa rigar siminti ciki da waje, a ɗora kwano a kan soron, a buɗa taga.

Da na gaya musu shawarar, Inna ta ce in dai ba za a kayar da bangon ba, ba ruwanta. Yaya ya ja dogon tsaki a waya ya ce, "Faci ke nan. To na ji, amma a sa tayil, a yi fenti, kada in zo in ga ƙasa ko ta ƙwayar gero." Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

Da kaka ta yi aka sami sarari, na kira mutum biyu. Ɗaya birkila ne daga Makarfi, wanda ya yi mana ajujuwa a makaranta. Ɗayan tsohon maginin ƙauyenmu ne, wanda shi da mahaifinsa suka gina ɗakin. Duk garin Baba magini ake ce masa. Ya zo da sandarsa, muka gaisa har ƙasa, ya tambayi iyali da aiki da mutanen Makarfi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zagaya ɗakin yana shafa bango da tafin hannu. Na bayyana masa abin da nake so. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ɗana, ƙasa da siminti ba sa ga maciji. Bangon nan da kake gani yana shan ruwa da damina, rana ta fito ya fitar. In ka rufe shi ciki da waje, sha dai sai ya sha, ta ƙasa zai jawo. To ta ina zai fitar?"

Birkila ya ce, "Baba, wannan da ne. Yanzu ƙusoshi muke kakkafawa, mu ɗaura raga, mu watsa filasta. Ko guduma ba ta ɓamɓare shi."

Baba magini bai ko dube shi ba. Ya ce da ni, "Ka samo mini makuba a jiƙa, a kwaɓa da jar ƙasa, in sa a gyara maka saman nan, a bi bangon. Ba abin da ya sami ɗakin nan sai rashin mai hawa."

Makuba ɓawon ɗorawa ne da ake jiƙawa a yi yaɓe da ruwansa, yana hana ruwa cin bango. Na san da haka. Amma na san kuma in Yaya ya zo ya ga jar ƙasa, mun koma gidan jiya. Sai na ciro waya na nuna wa tsohon hotunan. Na ce, "Baba, duba, har a Amurka haɗawa suke yi."

Ya kai wayar dab da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya miƙo mini ya ce, "Sun yi kyau. Ka taɓa bangon da hannunka?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To." Ya ɗauki sandarsa, ya leƙa ya yi wa Inna sallama, ya tafi. Na bi shi har ƙofar gida ina ba shi haƙuri, ya ce ba komai, Allah Ya sa a gama lafiya. A raina na ce tsufa ne, da kishin sana'a.

Aikin da aka ce na sati uku ya ci wata biyu da wani abu. Birkila ya yi kwana biyu ya ɓace kwana biyar, ya tafi wani aikin a Ikara. Kafinta ya zo ya ce kwano ba zai zauna ba sai an sare zankwayen, aka sare. Ya ce indararo ba su da sauran amfani, aka cire aka toshe. Na ce ya bar bakin kwanon ya fito sosai don ruwa ya zuba nesa da bango, ya ce to, na dawo ran Juma'a na tarar ya datse shi dab da bango, wai haka ake yayi. Wajen buɗa taga suka fasa abin da ya fi wanda na auna musu, don firam ɗin ƙarfen da Yaya ya aiko da shi daga Kano ya fi girma. Shi kuma Yaya kullum yana kan waya. Yau ya ce fentin shuɗi, gobe ya ce ruwan madara, jibi ya ce in ɗauki hoto in tura masa, in ya gani ya ce wannan layin tayil ɗin a karkace yake. Ni da nake da darasi ƙarfe takwas na safe, sau nawa ina barin aji in hau babur saboda an ce yashi ya ƙare.

Amma da aka gama, gaskiya ya yi kyau. Daga waje ka rantse bulo ne, a ciki kuwa ga bakan nan biyu suna nan an shafe su da farin fenti. Mata suka yi ta shigowa kallo. Wani ya ce malaman makaranta dai akwai dabara. Na tura wa abokin aikina hoto na rubuta masa cewa ga namu bakin iyakar. Inna ta shiga da bismilla, santsin tayil ya kusa kwashe ta, ta dafa bango. Ta sa aka kawo tabarmi aka rufe tayil ɗin kaf. Na ce, "Inna, ya kika gani?" Ta ce, "Ba laifi."

Damina ta farko ko ɗigo bai zuba a ɗakin ba. Har na so in bi ta ƙofar gidan Baba magini da gangan.

A ta biyu ne fenti ya fara kumbura daga ƙasa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Ɗakin ya ɗauki warin rima. Inna ta buɗe akwatinta ta tarar da zannuwanta sun yi fumfuna, har da wanda ta ajiye tun na aurenta. Na ƙwanƙwasa bangon gabas da ɗan yatsa, ya amsa mini kamar ganga. Na nemo birkila da ƙyar, ya duba ya ce ƙaramin abu ne, iska ce ta shiga. Ya fasa wurin ya cusa wani simintin, ya ƙara dakali a gindin bango. Gyaran gangar Auzinawa. Ruwan kwanon yana sauka a kan dakalin, ya bi ta tsagar da ke tsakaninsa da bango ya shige, mu ba mu gani.

Na gaya wa Yaya, ya ce, "Ai na faɗa maka faci ne." Na gaya wa Inna ta koma ɗakin baya kafin a duba, ta ce ita ba inda za ta.

Ƙarshen damina ta uku, wata Talata bayan la'asar, an yi ruwa tun hantsi ya ɗauke, ina makaranta ina duba takardun yara sai ga kiran maƙwabcinmu, wanda katangarsa ke jingine da tamu. Ya ce, "Malam, kada hankalinka ya tashi, Inna lafiyarta ƙalau, amma ka taho yanzu."

Ban san yadda na tuƙa babur ɗin ba. Na tarar da mutane cike da tsakar gida. Simintin bangon gabas ya ɓallo gaba ɗaya kamar an cire murfin tukunya, ya kife a ƙasa da ragarsa da ƙusoshinsa. Abin da ke bayansa ba bango ba ne kuma, taɓo ne, na sa hannu ya nutse har wuyan hannu. Rabin bangon ya zauna, kusurwar rufin ta rufto a kan gadon Inna. Allah Ya sa ta fito ɗaura awaki. Maƙwabcin nan shi da ƙannensa suka yi ta fito da kaya. Inna tana zaune a kan turmi, carbinta a hannu tana ja.

Washegari aka yaye kwanon. Azarar da ta shekara sama da hamsin ba abin da ya same ta, gara ta cinye kawunanta duka a ƙarƙashin kwano, inda ba mai hawa, ba mai gani.

Duk da haka ban saduda ba. Bango uku suna tsaye, baka ɗaya bai motsa ba. Na ce in aka ɓamɓare simintin aka sami magini na gaske, ɗakin zai tashi. Na aro ƙarfin hali na tafi wurin Baba magini. Na tarar da shi kwance a zaure, ƙafa ta riƙe shi, idon ma ya tafi. Ya gane muryata. Na so ya yi mini faɗa in ji sanyi, bai yi ba. Ya jajanta, ya tambayi jikin Inna, sannan ya ce, "Da ina da ƙafa da na je. Akwai wanda ya yi aiki a hannuna a Gazara, ka neme shi."

Na je Gazara. Mutumin ya ce rabonsa da tubali an fi shekara goma, yanzu rake yake saya yana lodi, 'ya'yansa biyu kuwa birkiloli ne, in ina so ya haɗa ni da su. Ya tura ni Kurmin Kogi. Na can ya ce katanga da rumbu zai iya, amma ɗaurin baka bai taɓa yi shi kaɗai ba, ba zai ɗauki alhakin ran tsohuwa ba. Na tambayi azara, aka ce giginyar da ta isa sara sai an shiga nesa. A ƙarshe aka kwatanta mini wani a Kudan, aka ce shi kam gwani ne. Na ci Asabar guda a hanya, taɓo har gwiwar wando. Na isa gidan, matarsa ta aiko daga ciki cewa yana Abuja wata na huɗu ke nan, wani mai kuɗi ya ɗauke shi yana gina masa zaurukan gargajiya a wurin shaƙatawa, don baƙi su riƙa ɗaukar hoto. Na tsaya a ƙofar gidan na ma rasa wa zan ji haushi.

Ran Litinin na zayyana wa abokin aikina duk abin da ya faru. Ya ciro wayarsa ya yi ta karatu. Can ya ɗago ya ce, "Kai, ashe su ma can sun sha wannan. An ce waɗanda suka shafa siminti a kan tsohon ginin ƙasa da yawa daga baya ɓamɓarewa suka yi suka koma yaɓe. Kuma wai yawancin sababbin gidajen nan masu kama da ƙasa, cikinsu bulo ne ko katako, siffar kawai aka ara."

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini tun farko?"

Ya ce, "Ka tambaye ni? Ni hoto na nuna maka."

Gaskiyarsa. Na fita na bar masa ofishin.

Yaya ya zo da kansa bayan sati biyu, da mota shaƙe da bulo. Bai nemi shawarata ba. Muka tsaya a bayan gida, na ce a ƙara mini wata ɗaya ko na Kudan zai dawo. Ya ce, "Wata ɗaya? Saura ƙiris ka kashe mana uwa da iyayinka, kana maganar wata ɗaya?" Na ce da bai matsa sai an rufe ƙasa ba, da makuba kawai za a yi. Ya ce da na bar shi ya rushe tun farko, da ba a zo nan ba. Kowa da gaskiyarsa, kowa da laifinsa, muka yi ta ɗaga murya kamar ba mu ne muka sha nono ɗaya ba. Muka fi wata uku in ya kira sai dai ya kira matata ya ce a gaya mini.

Kwana biyu aka yi ana rushe sauran bangon, don ƙasar da ba ta jiƙa ba ta ƙi diga. Inna ta tafi gidan ƙanwarta ba ta dawo ba sai da aka gama. Cikin sati uku ɗakin bulo ya tashi, da kwano da silin da taga biyu. Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta leƙa, ta ce, "Auta, ka gaya wa wancan Allah Ya yi albarka. Kai ma Allah Ya yi maka."

Da bazara ta kama, ɗakin ya zama tanda. Tun hantsi ba ya shiguwa. Inna ta sa aka kafa mata rumfar kara a gindin katanga, can take wuni, can take salla, can baƙinta ke samunta. Ɗakin ya zama na ajiye akwati da kwanuka. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bara da kaka maƙwabcin nan namu, wanda ya fito da gadon Inna daga ƙarƙashin ƙasa da hannunsa, ya same ni a ƙofar gida. Ya sayar da barkono, yana so ya gyara ɗakin uwargidansa. Ya ce, "Malam, wannan birkilan naka na Makarfi, kana da lambarsa? So nake a watsa wa ɗakin filasta."

Na zaunar da shi a kan dakali. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, yadda ƙasa ke jan ruwa, yadda siminti ke riƙe shi, yadda gara ke samun mafaka. Na ce ko dai ya bar shi ƙasa ya riƙa yaɓe, ko ya rushe ya yi bulo, amma kada ya yi abin da na yi. Na ce, "Ai da idonka ka gani."

Ya ce, "Haka ne, Malam. Wallahi gaskiya ka faɗa. Amma ka san naku siminti ne bai ji ba. Ni buhu zan ƙara."

Na ƙi ba shi lambar. Juma'ar da ta biyo na dawo gida na tarar da yashi a ƙofarsa, wani birkilan daban yana kan tsani yana kafa ƙusoshi. Maƙwabcin ya hango ni ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Na ce masa sannu da aiki, na tura babur ɗina cikin zaure.